Wasiƙa Zuwa ga Maƙera, Dukawa da Dillalan Tsofaffin Takubba

Iyayena da 'yan'uwana, na Kasuwar Kurmi da Damagaram da Agadas, da ku da kuke kasa kaya a nan Libreville. Daga Plaine Orety nake rubuto muku, kuma roƙo ɗaya ne ya kawo ni: tsohon takobi in ya shigo hannunku, ku daina ƙoƙarin mayar da shi sabo.

Da yawa daga takubban kakanninmu, ruwansu daga Turai ya zo. Bature Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takobi da dubbai daga Solingen ta Jamus, a ratso Sahara da su, sannan maƙeranmu su sa ƙota, dukawa su ɗinka kube da hamila. Alamomin da ke jikin ƙarfen, kamar jinjirin wata biyu masu fuska ko kyarkeci mai gudu, da su ake bin diddigin asali. Maƙerin da ya ɗora garanda a kai don ya ga ƙyalli ya share shaidar, ya kuma karya farashin kayansa da hannunsa. Baƙi-baƙin nan da shekaru suka bari ba datti ba ne. Jar tsatsa mai cin ƙarfe ita ce abokiyar gaba, ita ma da mai da tsumma ake lallaɓa ta.

Dillalai, alama kaɗai ba ta isa hujja ba, domin maƙeran gida sun daɗe suna kwaikwayon ta, wasu ma a kan ƙarfen sifirin ɗin mota. Gajere, takobin da ake dangantawa da zamanin Sarki Korau, yana fadar Katsina. Kada ku ce wa mai saye naku tsaransa ne. Mafi yawan na kasuwa ba su wuce ƙarni na 19 ba, kuma wannan ma tsufa ne abin tinƙaho. A Najeriya kuwa, dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi.

Ku na Gabon, naku aikin ya fi yawa. Ruwan da ke sauka a Libreville a shekara ya kusa ninka na Kano sau uku, ga iskar teku mai gishiri. Fata tana riƙe danshi, saboda haka takobin da zai daɗe a ajiye a zare shi daga kube. A shafa masa man keken ɗinki kaɗan, banda man ja da man gyaɗa masu yin danƙo. Wanda ya taɓa ƙarfen da yatsa ya goge nan take. Kuben kuma a rataye shi inda iska ke wucewa, nesa da bango, a riƙa duba shi a lokacin damina, tun daga Oktoba har Mayu.

Wassalam.