Ƙwallon Najeriya da Kamaru: a daina kiran maƙwabci maci amana



Akwai wata ɗabi'a da take tasowa a gidajen kallonmu duk lokacin da Super Eagles za ta kara da Kamaru. Da wani ya yi ihu don Kamaru ta ci, sai a hau shi da zagi: "Maci amana, koma ƙasarku." Wannan magana jahilci ce, kuma ba za mu yi shiru a kanta ba.

Mun san inda zafin ya samo asali, mu ma ya taɓa mu. Sau uku muna haɗuwa da Kamaru a wasan ƙarshe na kofin Afirka, sau uku tana ɗauke kofin. A 1984 a Abidjan, Muda Lawal ya fara ci, aka tashi 3-1. A 1988 a Kasabalanka, fenaretin Emmanuel Kunde ne ya raba gardama. Wanda ya fi ciwo shi ne na 2000 a Legas, a gabanmu. Eto'o da Mboma suka ci biyu, muka farke, ƙwallo ta biyu daga ƙafar Okocha. A bugun fenareti ƙwallon Ikpeba ta daki ƙarfe ta faɗa bayan layi, alƙali ya ce ba ci ba ne. Wannan haushi halas ne. Amma ai mun rama: 4-0 a Uyo a 2017, 3-2 a Masar a 2019, sannan Lookman ya zura biyu a Janairun 2024. To, me ya rage da za mu huce a kan mai shayin bakin layi?

Masu cewa "koma ƙasarku" su tambayi kakanninsu. Mubi kanta tana cikin Kamarun da Jamus ta mallaka, daga baya ta koma hannun Ingila. Sai a 1961 aka jefa ƙuri'ar raba gardama, yankinmu ya zaɓi Najeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Kafin Bature ya ja layinsa, Garwa da Marwa da Ngaundare duk ƙasar Fombina ce ta Modibbo Adama. Gida nawa ne a unguwar nan da ba shi da kawu ko goggo a hayin Sahuda?

Kuma kada mu zama masu saurin mantuwa. A ƙarshen Oktoban 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi, da yawa daga cikinmu ƙasar Kamaru muka tsallaka da ƙafa. Waɗanda suka ba mu ruwa da tabarma ba su tambaye mu wace ƙungiya muke goyon baya ba. Kasuwar shanunmu ma da fatakensu take cika.

Wani zai ce kishin ƙasa ne. Kishin ƙasa shi ne ka biya kuɗin kallo, ka yi ihu har muryarka ta dushe. Zagin wanda kuke sahu ɗaya da shi a masallaci, ko kuke cin kasuwa tare, rashin tarbiyya ne kawai.

Muna kira ga masu gidajen kallo: duk wanda ya zagi mutum da asalinsa, a mayar masa da kuɗinsa ya fita. Iyaye da masu unguwa su ja kunnen samari tun kafin wasa na gaba. Tsokana da barkwanci kuwa a yi su son rai, wanda aka ci ya sayi shayi.

Allah ya ba Super Eagles nasara, ya bar mu da maƙwabtanmu lafiya.