Raddi ga Masu Cewa Ɗafa-goshin "Ma-" Aron Larabci Ne

Akwai ra'ayin da ya yaɗu tsakanin wasu masu ilimin Larabci a ƙasar Kano, cewa "ma-" da ke farkon kalmomi irin su manomi da makaranta da mabuɗi, wato ɗafa-goshi, ƙwayar da ake liƙa wa kalma a gaba, Hausa ta aro shi ne daga Larabci. Hujjarsu ta farko ita ce kama: "maktab" wurin rubutu ne, "miftah" kuwa mabuɗi. Wannan kama gaskiya ce, sai dai ba ta tabbatar da aro, domin mabuɗi a Ibrananci "mafteah" ne, a Amharik na Habasha "makfacha", kuma tsohon harshen Misira da Azbinanci duk suna da wannan "m". Tun 1963 Joseph Greenberg ya daidaita Hausa da sauran harsunan Cadi cikin iyalin Afro-Asiya tare da waɗannan harsuna, wanda ke nuna gado ne daga kaka ɗaya.

Hujja ta biyu ita ce daɗewar cuɗanya, tun zuwan Wangarawa Kano a zamanin Sarki Yaji, ƙarni na 14. Babu mai musun cewa Hausa ta ari kalmomi masu yawa ta wannan hanya, amma wanda ya saurari mutanen Indabo da ke ƙaramar hukumar Wudil zai ji "ma-" ya fi kafuwa a sana'o'in da sunayensu ba su da alaƙa da Larabci: maƙeri daga ƙira, masunci a bakin kogin Wudil daga "su", wato kamun kifi, mahauci da ke sayen dabba a kara ranar Juma'a. Bugu da ƙari, Hausa na rarrabe mai aiki da wuri da kayan aiki ta wasalin ƙarshe da karin sauti, wato hawa da saukar murya, ta ce maƙeri ga mai ƙira da maƙera ga wurin ƙira, ta kuma yi jinsin mace da "-iya" kamar manomiya, tsarin da nahawun Larabci bai san shi ba.

Hujja ta uku, kalmar malami, ita ce mafi rauni. Lallai daga "mu'allim" take, amma an ɗauko ta ne dunƙule, shi ya sa babu aikatau "lama" a Hausa. Masallaci kuwa, wanda Balarabe ke kira "masjid", Bahaushe ne ya gina shi da kansa daga "sallata", ya sa masa "ma-" na gidansu, "t" ta koma "c" kamar yadda ta yi a mahauci da mahauta.