Baƙar 'Yar Tsana Ta Yi Kwantai a Kinkinau

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah muka tsaya wurin wani mai kayan wasan yara a bakin titi nan Kinkinau. 'Yan tsana sun kai ashirin a jere, duk farare tas, masu gashi ruwan zinare da shuɗayen idanu. Baƙa guda ɗaya ce tal, can ƙasa, ledarta duk ƙura. Mai kayan ya ce tun bara take nan, har ragi ya yi mata amma ba wanda ya taya. Muka miƙa wa 'yarmu mai shekara biyar, ta noƙe kafaɗa ta ce, "Wannan ba ta yi wanka ba." Yarinyar da ta faɗi haka launinta ɗaya da 'yar tsanar.

Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce mun san wata dabara ta masu son banza. Idan ana gina wasan bidiyo kuma ana ƙyashin kashe kuɗi a zana sabon mutum, sai a kwafi tsohon, a sauya lambar launinsa, a laƙaba masa sabon suna. Aikin minti biyu ne. Abin da manyan kamfanonin kayan wasa suka daɗe suna yi wa baƙar fata ke nan, sannan su buga ganga wai sun tafi da kowa.

Kamfanin Mattel ya fito da Barbie a 1959. A 1967 ya fito da baƙar Francie, amma da zubin fuskar farar Francie aka yi ta, hanci da leɓe duk na Baturiya, fenti kawai aka sauya. Sai a 1980 aka sami baƙar da ta amsa sunan Barbie kanta, wadda Kitty Black Perkins ta tsara. Shekara 21 ana jira!

Na Disney ya fi ban haushi. Sai a 2009 suka yi gimbiya baƙa ta farko, Tiana, kuma mafi yawan fim ɗin a siffar kwaɗo ta yi shi. Sauran gimbiyoyi suna yawo da rigunan alfarma, tamu tana tsalle a fadama. Da suka sake nuno ta a tallan wani fim a 2018, sai ga fatarta ta yi haske, hancinta ya sirance. Da jama'a suka yi ca, ƙungiyar Color of Change ta shiga maganar, sai suka koma suka gyara. Mun san yadda ake wannan aiki. Launin fata a zanen kwamfuta lamba ce da wani yake zaɓa da hannunsa, wasu su duba, wani babba ya sa hannu. Mutane da yawa sun ga hasken nan kafin ya fito, bai dame su ba.

To amma kada mu cika baki da zagin Amurka, domin ba Disney ce ta hana a sayi baƙar 'yar tsanar Kinkinau ba. Ku ɗauko littattafan soyayyarmu na Hausa ku ƙirga: tauraruwa nawa ce ba fara sol ba, mai dogon hanci, gashi har gadon baya, kamar Balarabiya? Baƙa kuwa sau da yawa kishiya ce, ko 'yar aiki, ko mummunar ƙawa. Mu ne masu cewa "baƙa ce amma tana da kyau", kuma wannan "amma" ɗin yara suna jin ta. Mu ne masu zuwa barka mu leƙa kunnen jariri don mu ga ko zai rine. Sannan mu kunna musu MBC3 ko Spacetoon su wuni suna kallo, inda da wuya su ga jaruma mai kama da su.

Tun a shekarun 1940 Kenneth da Mamie Clark suka gwada yara baƙaƙe a Amurka da 'yan tsana farare da baƙaƙe, akasarinsu suka zaɓi farar a matsayin mai kyau. Waɗancan yara a zamanin dokar wariya suke. Namu fa? A Kaduna suke, kowa baƙi ne tun daga liman har gwamna, amma amsar ɗaya ce. Ƙarshenta a kan fata take sauka: a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiya a ƙasar nan, kuma yanzu har ƙananan yara iyaye ke haɗa wa man.

Akwai masu ƙoƙari a gida. Taofick Okoya ya fara 'yan tsanar Queens of Africa a Legas a 2007, har da Bahaushiya mai suna Azeezah. Adamu Waziri ya yi zanen Bino and Fino a Abuja. Amma ku zaga Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ku ga sau nawa za ku ci karo da Azeezah. Ɗan kasuwa abin da ake saye yake sarowa, mu kuwa farar muke ɗauka.

Iyayenmu mata da ƙashi da kara da tsumma suka yi 'yan tsanarsu, su yi musu kitso da zare, su goya su, har biki su yi musu. Ba wadda ta taɓa tambayar launinta, domin fuskar da yarinya ta ga dama ita take gani a jiki.

Mun sayi baƙar dai, a rabin kuɗi. Muna shiga gida gwaggon yarinyar ta karɓa, ta jujjuya ta, ta taɓe baki ta ce, "Duk 'yan tsanar garin nan a rasa wadda za a sayo mata sai wannan?"