Dokar da ta buɗe wa Indiya ƙofar haɗa magani

Duk wanda ya shiga kantin magani a Kano ko Maraɗi ya duba kwalaye, da wuya ya fita bai ga sunan Indiya ba. Tushen wannan wata doka ce ta 1970, wadda ta daina ba da haƙƙin mallaka a kan maganin kansa, ta bar shi a kan hanyar haɗa shi kaɗai. A wancan lokacin, idan kamfanin Turai ya ƙirƙiro magani, masanin Indiya na da damar lalubo wata hanya ya haɗa irinsa ya kai kasuwa.

A wannan fili ƙananan kamfanoni suka koyi aiki har suka ƙware. A 2001 Cipla, ƙarƙashin Yusuf Hamied, ya yi tayin sayar da haɗin magungunan ƙanjamau uku a kan dala 350 a shekara, lokacin da kuɗinsu ya haura dala 10,000 a ƙasashen Yamma. Afirka ta ci moriyar wannan tayi sosai.

Masu kare tsauraran dokoki suna cewa babu mai zuba dukiya a bincike idan wani zai kwafe sakamakon washegari. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma a ganina ta fi dacewa da ƙasar da ta riga ta iya ƙirƙira. Mai koyon sana'a da kwaikwayo yake farawa. Ƙasar Holan ma ta soke dokar haƙƙin ƙirƙira a 1869, ba ta dawo da ita ba sai 1912, kuma a tsakanin nan aka kafa Philips a 1891, yana yin ƙwan lantarki ba tare da biyan kowa ba.

Yarjejeniyar TRIPS ta 1995 ta ƙuntata wannan fili, ta wajabta kariyar shekara 20. Indiya ta bi a 2005, sai dai ta sa wani sashe da ya hana ba da sabon haƙƙi a kan tsohon magani da aka ɗan sauya wa kama. Da shi Kotun Ƙoli ta ƙi buƙatar Novartis a kan maganin sankarar jini, Glivec, a 2013, kamfanonin gida suka ci gaba da yin nasu mai araha.