A Daina Laɓewa Bayan Sauyin Yanayi

Duk shekarar da ruwa ya ci gari, jawabin mahukunta ɗaya ne: sauyin yanayi ne, Allah ya kiyaye gaba. To, ranku ya daɗe, sauyin yanayi gaskiya ne, damina ta rikice, ruwan wata guda kan sauka a dare ɗaya. Amma ba shi ya riƙe muku hannu ya hana ku gyara madatsun ruwa ba.

A ranar 10 ga Satumban 2024 mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa, bayan madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya kwararo cikin birni. Ruwa ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Kadoji da macizai suka fita daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, katangar gidan yari ta rushe, fursunoni fiye da 200 suka tsere. Bayin Allah da Boko Haram ta koro daga ƙauyukansu, waɗanda da ƙyar suka sake kafa bukka, aka kuma mayar da su sansanin Bakassi. Madatsar nan tun shekarun 1980 aka gina ta, kuma ta taɓa yi wa garin irin wannan ɓarna a 1994. Shekara 30 cur ke nan tsakanin gargaɗin farko da ɓallewar 2024! Abin da ya fi ciwo, kwanaki kaɗan kafin ta ɓalle jami'ai sun je sun duba, suka dawo suka ce wa jama'a su kwantar da hankalinsu. Da suka ce a tattara kaya a hau tudu, da uwaye da yawa ba su kwana kan rufin ɗaki riƙe da jarirai ba.

Haka labarin madatsar Dasin Hausa. Kamaru ta kammala madatsar Lagdo a 1982, aka tsara Najeriya za ta gina tata a Adamawa don ta tare ruwan da za a riƙa saki cikin kogin Binuwai. Har yau tana kan takarda. Ambaliyar 2012 ta zo ta wuce, ta 2022 ta kashe mutum sama da 600, sai a fito ana zargin maƙwabci da buɗe ƙofar madatsarsa, kamar ba mu ne muka yi barci ba.

Ba kuma rashin sani ba ne. Hukumar hasashen yanayi NiMet da hukumar lura da ruwa NIHSA na fitar da hasashensu kowace shekara tun kafin saukar damina, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Akwai asusun kula da muhalli da ake raba wa jihohi daga lalitar tarayya. Ina kuɗin suke shiga? Yashe madatsa ba ya kawo hoto a jarida, rabon shinkafa da katifa kuwa yana kawowa. Gyara ba shi da biki, jaje yana da shi.

Ku ma 'yan jarida ba ku fita ba. Kun iya lissafa wane attajiri ya ba da biliyan nawa, amma da ruwa ya janye sai ku janye tare da shi. Ku je madatsun Tiga da Challawa da Goronyo da Bakolori da rani, ku nemi a nuna muku rahoton binciken injiniyoyi na ƙarshe, da ranar da aka yi shi, da sunan wanda ya sa hannu.