Waiwaye: Lokacin da Mu Ne Masu Arzikin

Tudun Wada ta Kano tun asalinta unguwar baƙi ce. Turawan mulkin mallaka ne suka ware ta a wajen ganuwa domin 'yan Arewa da ba haifaffun birni ba, kamar yadda suka ware Sabon Gari ga mutanen Kudu. Bi salsalar gidajenmu daga nan har Gwagwarwa, za ka tarar kakan wane da ƙunshinsa ya zo. Saboda haka idan ana muhawara kan ko ya kamata ƙasashe masu arziki su ƙara karɓar 'yan gudun hijira, muna da ta cewa. Sai dai mu ma an taɓa yi mana wannan jarrabawar.

An yi zamanin da Najeriya ce attajirar wannan yanki. Farin 1973 ya ƙarar da dabbobin Sahel daidai lokacin da kuɗin fetur ya fara ambaliya a nan. Buzaye suka gangaro daga wajajen Agadas da Tawa, masu garken raƙuma jiya suka koma masu gadi a manyan gidajen Nassarawa da Bompai, da rawaninsu da takobi da butar shayi a kan gawayi. 'Yan Chadi suka biyo baya da yaƙi ya ci Injamena; a nan Kano ma aka zaunar da jagororin yaƙin, Goukouni Oueddei da Hissène Habré, a watan Maris na 1979, aka sa hannu kan yarjejeniyar da ba ta yi ƙarko ba. Makarantu kuwa cike suke da malamai 'yan Ghana. Ba wanda ya tambayi takardar kowa, tunda tukunya na tafasa.

Sai rikicin Maitatsine ya ɓarke a 'Yan Awaki a Disambar 1980, aka fara nuna baƙi da yatsa. Farashin fetur ya faɗi, masana'antu suka soma sallamar ma'aikata, ga zaɓe na tafe. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fice. Kimanin mutum miliyan 2 suka kwashi komatsansu, wajen rabinsu 'yan Ghana, kuma har gobe jakar da suka zuba kaya a ciki sunansu take amsawa a kasuwa. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a 1984, ta sake yin wata korar a 1985, alhali wani farin ya sake kama Nijar. Talakawan can suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El Buhari.

Gaskiya ne, yawancin waɗanda aka kora 'yan ci-rani ne, ba masu gudun yaƙi ba. Amma ɗan sanda a bakin tasha ba ya tantance wanda ya zo neman kuɗi da wanda yunwa ko harsashi ya koro. Kuma me korar ta gyara? Ayyukan ba su dawo ba, naira ba ta farfaɗo ba, a 1986 ma aka shiga tsuke bakin aljihun Babangida. Ghana ta riga mu gwadawa a 1969, lokacin da Busia ya kori baƙi, har da Hausawan zango masu fataucin goro, ita ma ba ta tsinci komai ba.

Duniya rawar 'yan mata ce. Da Boko Haram ta tarwatsa garuruwan Borno, dubban mutanenmu Diffa ta Nijar suka tsallaka, wasu sansanin Minawao na Kamaru. Daga 2019 kuma 'yan bindiga suka kori mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi. Kafin motocin Majalisar Ɗinkin Duniya su iso, manoman Gidan Rumji sun riga sun buɗe zaurukansu da rumbunansu. Daga baya ne aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Chadakori. Nijar, ƙasar da kusan kullum take ƙarshen jerin ci gaban duniya, ita ce ta yi wannan, kuma ba ta tuna mana da 1984 ba.

Haka lissafin yake a ko'ina. A 2024 waɗanda aka raba da muhallinsu sun haura miliyan 120, kuma kusan bakwai cikin goma na masu tsallaka iyaka a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. Chadi kaɗai na riƙe da fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu daga Sudan.

Ba na raina kukan Turawa. Jamus ta karɓi kusan mutum 900,000 a 2015, gidaje suka yi ƙaranci, jam'iyyar masu ƙin baƙi ta yi ƙarfi. Amma da Rasha ta auka wa Yukren a 2022, Tarayyar Turai ta ba mutum sama da miliyan 4 mafaka da izinin aiki cikin ƙanƙanin lokaci, ba ta rushe ba. Ashe wuri akwai, fuska ake dubawa. Birtaniya kuwa ta biya Ruwanda fam sama da miliyan 200 don ta riƙe mata masu neman mafaka, aka soke shirin a 2024 ba tare da jirgi ko ɗaya ya kwashi kowa da tilas ba.

A ganina ƙasashe masu arziki su ƙara karɓa, musamman marayu da marasa lafiya da waɗanda ba su da ranar komawa. Sai dai manomin Sabon Birni da 'yan bindiga suka koro ba Landan yake mafarki ba. So yake ya zauna inda zai ji labarin gonarsa, ya koma da zarar daji ya lafa. Abin da ya fi buƙata shi ne rijiya da asibiti da aji a ƙauyen da ya sauke shi, don kada mai masauki ya gaji da shi. Kuɗin irin waɗannan ayyuka ne Amurka ta zaftare a 2025 da ta rushe hukumar USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu, har Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa tallafinta a arewa maso gabashin Najeriya na gab da tsayawa.