Ƙorafi Kan Wahalar Samun Maganin Sankara a Ƙasar Zuru

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Kebbi,
ta hannun Mai Martaba Sarkin Zuru.

Ranka ya daɗe,

Mu mutanen gundumar Manga mun kawo kukanmu kan 'yan'uwanmu masu fama da sankara, musamman mata masu ta bakin mahaifa.

Maganin da likitoci suka fi rubuta musu shi ne cisplatin, wanda ake haɗawa da farin ƙarfen nan mai tsada, filatinam. Ba baƙon magani ba ne. Tun 1965 Barnett Rosenberg ya lura a Jami'ar Jihar Michigan cewa sinadarin yana hana ƙwayoyin halitta rabuwa, Amurka ta amince da shi a 1978, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tare da danginsa, carboplatin da oxaliplatin. Da shi ake warkar da mafi yawan masu sankarar maraina.

To amma magani ne mai ƙa'ida. Zango-zango ake ba da shi ta jijiya, yawanci bayan mako uku-uku, ko kowane mako in an haɗa da gashin sankara da inji. Yana taɓa ƙoda, don haka sai an gwada jini, an yi ƙarin ruwa sosai, an ba da maganin amai. A nan gizo ke saƙa. Mutumin Manga sai ya kama hanyar Birnin Kebbi, ko Sakkwato, ko Zariya. Ya sayar da dawa ya yi zangon farko, ya sayar da akuya ya yi na biyu, a na uku rumbu ya ƙare, ya dawo gida wajen mai sassaƙe. Daga baya a ce ya ƙi asibiti! Ko asusun tallafin masu sankara da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021, a Zariya ne kaɗai ya soma aiki a duk Arewa maso Yamma.

Ba injin gashi muke roƙo ba, mun san tsadarsa. Muna roƙon a ajiye waɗannan magunguna a Zuru cikin rangwame, da gwajin ƙoda, da ma'aikatan jinya da aka horar, likitan sankara ya riƙa zuwa duk wata. Wanda dole sai ya je gashi Sakkwato, a taimaka masa da kuɗin mota da masauki.

A dubi lamarin nan tun kafin a rufe kasafin kuɗi mai zuwa. Allah ya taya riƙo.

Mu ne naku,
Mazauna gundumar Manga,
Ƙaramar Hukumar Zuru.